Kibera, Unguwar da 'Ya'yanta Suka Sa Ta a Taswira

Ƙasar Kenya tana Afirka ta Gabas, a bakin Tekun Indiya. Babban birninta, watau Nairobi, yana kan tudu ne, fiye da mita 1,600 bisa teku. Saboda haka iskarsa tana da sanyi kamar ta Jos, har ma ta fi a watannin Yuni da Yuli. Birnin ba tsoho ba ne. A 1899 ne masu shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Mombasa suka kafa zango a wurin, gama akwai ruwa. Sunan ma daga bakin Masai aka samo shi, ma'anarsa ruwa mai sanyi.

Yawancin baƙin da suke zuwa Nairobi namun daji suke zuwa kallo, domin gandun dajin yana bakin gari, har mutum yakan hangi raƙumin dawa da dogayen benaye a bayansa. Mu kuwa a wannan wata wata unguwa za mu kai ku, wadda ba a cika kai baƙo ba. Sunanta Kibera. Abin da ya kai mu shi ne labarin da muka ji na samari da 'yammatan wurin, da aikin da suka yi da wayar hannu da ƙananan na'urori. Gani ya kori ji.

Hanyar zuwa

Daga tsakiyar birni zuwa Kibera bai fi kilomita 7 ba. Muka shiga matatu, watau irin kiya-kiyarmu, sai dai tasu an yi mata ado da zane-zane, kiɗa kuma yana tashi a ciki kamar gidan biki. Muka bi Titin Ngong, muka wuce manyan gidaje masu shinge da furanni, sa'an nan mota ta karkata hagu. Ba a jima ba sai ga rufin kwano mai tsatsa ya shimfiɗu a gangare har iyakar ganin ido. A gefe guda kuma ga filin wasan golf na masu hali, kore shar, katanga ce kaɗai ta raba su.

Tsohuwar hanyar jirgin nan da ta haifi Nairobi ita ce ta ratsa unguwar, ita ce kuma babbar hanyar masu tafiya a ƙasa. Tun da asuba mutane suke kwarara a kanta zuwa ma'aikatu da gidajen da suke aiki, gama da yawa ba su da kuɗin mota. Daga nan lunguna suke gangarawa, waɗansu mutum biyu ba sa iya jerawa a ciki. Yawancin ɗakuna na laka ne da kwano, ƙafa 12 da ƙafa 12, iyali guda cikin ɗaki guda. Masu zama ciki kuwa galibi 'yan haya ne.

Kada ku ɗauka wurin zaman banza ne. Ko'ina muka duba sana'a ake yi. Ga mai sayar da gawayi a gwangwani, ga mai suyar mandazi, wanda ya yi kama da fanke, ga mata da tulin ganyen da suke kira sukuma wiki, wanda ake ci da ugali, watau tuwon masara. Ga tela, ga wanzami, ga mai gyaran waya. Kusan kowane lungu kuma akwai rumfa mai koren fenti an rubuta M-Pesa a jikinta. Tun watan Maris na 2007 kamfanin Safaricom ya fito da wannan hanya ta aika kuɗi ta waya. Mutum ya ba mai rumfa kuɗi, a sa masa a wayarsa, ya aika wa uwarsa a ƙauye, ita kuma ta karɓa a rumfar garinsu. Saboda haka talakan Kenya ya saba da waya tun da wuri, ya kuma amince da ita.

Asalin sunan

Waɗanda suka fara zama a nan Nubiyawa ne daga wajen Sudan, sojojin da suka yi wa Turawan Ingila yaƙi a rundunar da ake kira King's African Rifles. A lokacin wurin kurmi ne, suka kira shi Kibra, watau daji a harshensu. A 1918 hukumar mulkin mallaka ta keɓe eka 4,197 domin sojojin, amma ba ta ba su takardar mallaka ba. Da birni ya bunƙasa, mutane suka yi ta zuwa daga ƙauyuka neman aiki, Luo da Luhya da Kikuyu da Kamba da sauransu, suka yi ta kama haya. Filin ya yi ta raguwa, mutane suna ƙaruwa. Sai a 2017 Shugaba Uhuru Kenyatta ya miƙa wa jikokin Nubiyawan takardar eka 288.

Tun da yake ƙasar ta gwamnati ce, gidajen kuma ba a gina su da izini ba, hukuma ta daɗe tana yi kamar ba kowa a wurin. In ka buɗe taswirar Nairobi a shekarun baya, za ka ga titunan birni da sunayensu, ka ga filin golf, ka ga madatsar ruwa, amma inda Kibera take sai fili fayau. Ba lungu, ba makaranta, ba ɗakin shan magani. Ko yawan mutanen ma ba a sani ba. Jaridu sukan ce miliyan ɗaya. Da aka yi ƙidaya a 2009 sai aka sami 170,070, ko da yake waɗansu masu bincike suna cewa sun kai wajen 250,000.

Mai karatu zai ce, mene ne abin damuwa in ba a zana unguwa a takarda ba? Ai da taswira ma'aikacin ruwa yake shirya inda bututu zai bi. Da ita ake raba makarantu da asibitoci, da ita motar kashe gobara take neman hanya. Wanda ba ya cikin takarda ba ya cikin rabo. Shi ya sa mutanen Kibera suka daɗe suna sayen ruwa a jarka mai lita 20, sau da yawa da tsada fiye da abin da mai famfo a gida yake biya. Shi ya sa kuma, saboda ƙarancin makewayi, waɗansu sukan yi bayan gida a leda da dare su jefar.

Shekarar wuta

Kafin mu zo kan taswira, dole mu koma baya kaɗan, gama daga wahala aka faro. Ran 27 ga Disamba 2007 aka yi zaɓen shugaban ƙasa a Kenya. Aka ce Mwai Kibaki ya ci, magoya bayan Raila Odinga suka ce an yi maguɗi. Odinga kuwa shi ne ɗan majalisar mazaɓar da Kibera take ciki a lokacin. Nan da nan rikici ya tashi, ya koma na ƙabilanci. A Kibera aka ƙone kasuwar Toi, aka tumɓuke ƙarafan hanyar jirgi, maƙwabta suka kori maƙwabta. Kusa da Eldoret aka ƙone wata majami'a da mutanen da suka fake a ciki, ran 1 ga Janairu 2008. Kafin Kofi Annan ya sasanta shugabannin a ƙarshen Fabrairu, an kashe mutum fiye da 1,100, ɗaruruwan dubbai kuma sun bar gidajensu.

A cikin kwanakin nan gwamnati ta hana gidajen rediyo da talabijin watsa labari kai tsaye. Jita-jita ta cika gari. Wayar hannu ma ta yi ɓarna, domin ta cikinta aka yi ta aika saƙonnin zuga, ana cewa ku tashi ku far wa ƙabila kaza.

To, wata matashiyar lauya 'yar Kenya mai suna Ory Okolloh ta ga labaran da mutane suke aiko mata sun fi waɗanda ake ji a rediyo yawa. Sai ta yi kira ta intanet, ko akwai masu ilimin kwamfuta da za su iya ɗora waɗannan labarai a kan taswira. David Kobia da Erik Hersman da Juliana Rotich suka amsa. Cikin 'yan kwanaki suka haɗa abin, suka sa masa suna Ushahidi. Kalmar Swahili ce, amma Bahaushe ba zai rasa gane ta ba, gama tushenta ɗaya da kalmarmu ta shaida. Yadda take aiki ba wuya. Wanda ya ga an ƙone gida, ko an tare hanya, ko mutane suna bukatar abinci, sai ya aika saƙon tes. Masu lura su bincika iyakar iyawarsu, sa'an nan su sa ɗigo a taswira daidai inda abin ya faru, da ranar da ya faru. Ɗigo ɗaya maganar mutum ɗaya ce. Ɗigo ɗari a wuri guda kuwa ba mai iya musunsu.

Suka bar abin kyauta ga duk mai so. Sa'ad da girgizar ƙasa ta rushe babban birnin Haiti ran 12 ga Janairu 2010, ɗalibai a Amurka suka yi amfani da shi wajen tattara saƙonnin masu neman taimako, waɗanda ake aikawa ta lamba 4636. A Nijeriya ma, a zaɓen 2011, shirin ReclaimNaija ya karɓi rahotannin masu zaɓe ta wannan hanya.

Mutum 13 da na'ura a hannu

Yanzu mu komo Kibera. A watan Nuwamba na 2009 waɗansu Amurkawa biyu, Erica Hagen da Mikel Maron, suka zo da wata shawara. Suka ce maimakon a kawo masana daga waje su zana unguwar, bari 'ya'yan unguwar su zana ta da kansu. Kibera ta kasu ƙauyuka ƙauyuka, kamar su Makina, Lindi, Laini Saba, Gatwekera, Kianda, Soweto, Silanga da Kisumu Ndogo. Aka zaɓi samari da 'yammata 13 daga cikinsu, aka koya musu aiki da na'urar GPS.

Na'urar ba ta fi tafin hannu ba. Akwai taurarin ɗan'adam da suke kewaya duniya, kimanin kilomita 20,000 a sama, kowanne yana aiko da sigina ba fasawa. In na'urar ta ji guda huɗu, sai ta lissafta daidai inda mai riƙe da ita yake tsaye. Yau kusan kowace babbar waya tana da wannan a cikinta, amma a wancan lokaci sai an sayi na'ura ta musamman.

Yaran suka bazu, kowa a ƙauyen da ya tashi. In sun bi lungu, na'ura ta ja layi. In sun iso famfo, ko makewayi, ko makaranta, ko kantin magani, ko majami'a, ko masallaci, sai su danna, su rubuta sunan wurin a takarda. Da yamma su taru su juye a kwamfuta, su ɗora a kan OpenStreetMap, watau taswirar duniya wadda aka fara a Ingila a 2004, wadda kowa yana iya ƙara abin da ya sani a cikinta, kowa kuma yana iya ɗauka kyauta. Waɗansunsu ba su saba da kwamfuta ba kafin wannan aiki. Cikin mako uku filin nan da yake fayau ya cika da lunguna da sunaye. Aka kira aikin Map Kibera.

Da muka bi lungunan da ƙafarmu muka gane abin da ya sa baƙo ba zai iya wannan aiki ba. Hoton da aka ɗauka daga sama rufin kwano kaɗai yake nunawa, gama rufi ya haɗe da rufi ya rufe hanya. Ba alama a ƙofa da za ta gaya maka cewa ɗakin nan makaranta ne, wancan kuma ungozoma ce a ciki. Ga shi kuma mutane ba sa sakin jiki da baƙo mai na'ura, don sun sha ganin masu aune-aune kafin a zo rushe gidaje. Amma yaron da aka haifa a lungun, an san uwarsa, an san ubansa, shi ake buɗe wa ƙofa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da taswira ta tona

Da aka gama zanen farko sai aka ga wata matsala. Taswirar tana cikin kwamfuta, mutanen da aka zana kuwa yawancinsu ba su da kwamfuta. Saboda haka aka buga ta a manyan takardu, aka kira taro ƙauye ƙauye, aka ba mutane alƙalami su gyara, su ƙara. A 2010 aka bi abubuwa huɗu ɗaya ɗaya: lafiya, ilimi, ruwa da tsabta, da kuma tsaro. A wajen tsaro 'yammata ne suka fi bayani. Suka nuna lungun da ba fitila, da inda ake tare mutane da dare, da hanyar da ba sa bi in rana ta faɗi. Abin da kowace yarinya take riƙe da shi a ranta ita kaɗai, ga shi ya fito fili inda dattawa da hukuma za su gani.

A wannan shekara kuma aka kafa Voice of Kibera, watau muryar Kibera, a kan Ushahidi ɗin nan da muka ambata. Mazauna suna aika saƙo in gobara ta tashi, ko ruwa ya yanke, ko akwai allurar rigakafi a wuri kaza, labarin ya hau taswirar da 'yan'uwansu suka zana. Waɗansu samari kuma suka ɗauki ƙananan kyamarori suka kafa Kibera News Network, suna ɗaukar bidiyo suna sawa a YouTube. Dā sai an yi tashin hankali 'yan jarida suke shigowa. Yanzu 'yan unguwa suna ba da labarin kansu, mai daɗi da marar daɗi. A zaɓen 2013 suka zana rumfunan zaɓe, suka raba taswirar a takarda don kowa ya san inda zai jefa ƙuri'a.

Abin da ya fi taɓa mu, mu iyaye, shi ne batun makarantu. Wajen 2014 matasan suka bi makarantun Kibera ɗaya ɗaya, suna tambayar yawan yara, da yawan malamai, da kuɗin makaranta, da ko akwai makewayi, suna ɗaukar hoto. Suka sami makarantu fiye da 300. Kaɗan ne ƙwarai na gwamnati. Sauran duka majami'u da masallatai da ƙungiyoyi da mutane masu zuciya ne suka buɗe su, waɗansu a ɗaki ɗaya na kwano. Da yawansu ba sa cikin littafin ma'aikatar ilimi, ga shi kuwa dubban yara a can suke karatu. Aka sa bayanin a intanet da sunan Open Schools Kenya, aka kuma kai wa makarantun da jami'an ilimi taswirar a takarda. Uwa tana iya gwada makaranta da makaranta kafin ta kai ɗanta, jami'i kuma ba shi da hujjar cewa bai san da su ba. An kuma kai aikin zanen taswira unguwannin Mathare da Mukuru, 'yan Kibera ne suka je suka koyar.

Inda ƙarfin taswira ya tsaya

Ba za mu ɓoye muku ba, Kibera ba ta zama aljanna ba. Har yanzu kwata tana bin lunguna, gobara tana cinye ɗakuna da yawa a dare ɗaya, samari masu takardar makaranta suna yawo ba aiki. A watan Yuli na 2018 motocin rusau suka shigo da sassafe domin a fitar da sabon titi ta tsakiyar unguwar. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam suka ce mutum wajen 30,000 ne suka rasa matsuguni, har da makarantu aka rushe. Kasancewarsu a taswira bai tsai da motocin ba. Taswira tana nuna inda ba famfo, amma sai an sami mai bin maganar ofis ofis, shekara da shekaru, kafin ruwa ya zo.

Har wa yau, murya ta waya tana da tsada wani lokaci. A watan Yuni na 2024 matasan Kenya suka yi amfani da TikTok da X da WhatsApp suka bayyana wa jama'a abin da yake cikin sabuwar dokar haraji, waɗansu suna fassara ta cikin harsunan ƙabilu don tsofaffi su gane. Suka fito zanga-zanga, ran 25 ga wata waɗansu suka kutsa majalisa, kashegari Shugaba William Ruto ya ce ba zai sa hannu a dokar ba. Amma an harbe matasa da dama, iyaye da yawa sun binne 'ya'yansu.

Abin da muka komo da shi

A gidajenmu da yawa waya ta zama abin faɗa tsakanin iyaye da 'ya'ya. Uba yana ganin yaro ya sunkuya a kanta dare da rana, uwa tana tsoron abin da yake kallo. Tsoron yana da dalili. Wayar da ta kai saƙon zuga a Kenya a 2008 ita ce kuma ta kai shaidar da ta tona ɓarnar. Wuƙar da ake yanka albasa da ita, ita ce take yanka yatsa.

Abin da muka lura a Kibera shi ne, yaran nan 13 ba su fi naku wayo ba, ba su kuma fi su gata ba. An dai ba su aiki ne wanda ya shafi mutanensu, aka amince da abin da suka sani, dattawa kuma suka zauna suka saurare su. Wayar da take aljihun ɗanku yau ta fi na'urar da suka riƙe a 2009 ƙarfi nesa ba kusa ba.

Saboda haka ga abin da za ku iya gwadawa. Ku sa yaronku ya buɗe taswira a wayarsa ya nemi unguwarku ko ƙauyenku. Akwai rijiyar burtsatse a ciki? Akwai ɗakin shan magani, da makarantar firamare, da gadar da ruwa yakan cinye da damina? In babu, ƙungiyar matasa tana iya ɗaukar Asabar biyu ko uku ta ƙidaya rijiyoyin da suke aiki da waɗanda suka lalace, ta ɗauki hotonsu, ta rubuta ranar. A nemi izinin mai unguwa tukuna, kada kuma a ɗauki hoton kowa sai da yardarsa. A rubuta abin da ido ya gani kaɗai, ba ƙari ba ragi, gama shaidar ƙarya guda ɗaya takan ɓata ta gaskiya ɗari. Sa'an nan dattawa su karɓi takardar su raka yaran zuwa ofishin ƙaramar hukuma. In ba a saurare su ba ran farko, su koma.